Abin da Tayoyi Suka Koya Mini Tsakanin Bokkos da Hawan Kibo

Ranar da motarmu ta kafe a bayan Bokkos, ban daɗe da karɓar aikin kula da motoci ba. Wurin aikin namu ƙarami ne, muna kai wa manoma taki da irin dankalin Turawa, mu kuma kwaso amfanin gona zuwa Jos, wani ya wuce Abuja. Motoci uku ne a hannuna: Hilux biyu da wata Corolla ta aike cikin gari. Watan Agusta ne, an kwana ana ruwa. Bayan azahar direba ya kira ni, ya ce tun hantsi suna wuri ɗaya, tayoyi sai juyawa suke yi amma mota ko gezau. Ya sa giyar ogzilari, duk a banza. Sai da samarin ƙauyen suka sauke rabin kayan, suka zuba duwatsu da rassan itace a ƙarƙashi, suka yi ta turi, sannan ta fita gab da magariba. Manoman da suka yini suna jiran taki suka koma gida hannu rabbana, kuma wannan ya fi komai damuna, don taki yana da lokacinsa.

Washegari na tsuguna na duba tayoyin. Ba su sude ba, zanensu yana nan da sauransa sosai. Laka ce ta cike zanen ta shafe shi sumul, kamar an yaɓe bangon ɗaki. Taya mai zane ta koma mara zane, shi ya sa ba ta da abin kama ƙasa.

A ranar na rubuta wa maigida takarda cewa a canza wa Hilux ɗin duka biyu taya, a sa masu manyan haƙora. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya zabura. Maigida ya amince, na nufi 'Yan Taya da kuɗi a aljihu.

Akwai wani dattijo da muke sayen taya a wurinsa, wanda ya fara da faci tun yana yaro kafin ya buɗe shago. Na faɗa masa abin da nake so, guda takwas. Bai tashi daga kan bencinsa ba, ya ce, "Ɗana, ina motocin suke zuwa?" Na ce, "Baba, ƙauye mana." Ya ce, "Duka biyun?" Na ce duka. Ya dube ni, ya yi shiru, ya kira yaronsa ya fito da kaya. A zuciyata na san amsar da na ba shi ba cikakkiya ba ce. Ɗaya ce take shiga ƙauyuka kusan kullum. Ɗayar aikinta Jos zuwa Abuja ne, sai jefi-jefi take leƙa gona. Amma hoton motar da ta kafe ya riga ya cika mini ido, ba na ganin komai sai shi.

Sai daga baya na zauna na koyi bambancin abin da na cire da abin da na sa. Wadda na cire ita ce masu shago suke kira ol-sizin, wato tayar kowane yanayi, mu kuma a gareji mukan ce tayar kwalta. Sunan nan yana ruɗin mutane da yawa, ni ma ya ruɗe ni. Idan Bahaushe ya ji kowane yanayi, damina da kaka da hunturu da bazara ne za su zo masa a rai, har ya ɗauka taya ce da za ta ratsa taɓon Agusta. Waɗanda suka raɗa sunan ba yanayinmu suke nufi ba. A Amurka aka fara ta, kamfanin Goodyear ya fitar da wata mai suna Tiempo a 1977, don mutanen da suka gaji da canza taya sau biyu a shekara, ɗaya ta zafi ɗaya ta sanyi. Robar tayar zafi takan fara ƙandarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, sai aka haɗa roba mai tsaka-tsaki da za ta jure zafi, ta jure ruwa, ta kuma lallaɓa a kan dusar ƙanƙara mara yawa. Amma duk wannan a kan titi mai kwalta ake magana. Jos, duk da tana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma sanyin Disamba da Janairu yakan sa mu kwana da rigar sanyi, ba mu da dusar ƙanƙara. Ƙanƙarar da takan zubo mana da damina minti kaɗan ne ta narke. Don haka rabin amfanin da aka yi tayar dominsa bai shafe mu ba. Rabin da ya shafe mu shi ne ruwa a kan kwalta, kuma a nan gwana ce.

Idan ka dubi fuskarta za ka ga manyan layuka uku ko huɗu da suka zagaye ta, su ne magudanan da suke kwashe ruwa daga ƙarƙashi. Tsakaninsu akwai ƙananan tsagu sirara kamar an yi da reza, su ne suke goge ɗan ruwan da ya rage don roba ta taɓa kwalta. Zanen a matse yake, saboda haka roba mai yawa ce take kwanciya a kan titi. Kuma duk girman mota, abin da ya haɗa ta da ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu huɗu ba, ɗaya a kowace taya. Birki da sitiyari da ƙarfin inji duk ta nan suke bi.

Wadda na sa kuwa ita ce ake buga wa A/T a gefe, tayar kowace hanya, direbobinmu suna ce mata tayar daji. Kamfanin BFGoodrich ne ya fito da irinta mai zaren radiyal, wato wadda zaren cikinta ya ratsa daga gefe zuwa gefe, a 1976, kuma har yau sunansa ake fara ambata idan ana maganarta. Haƙoranta manya ne, a warwatse, da rata mai faɗi da zurfi a tsakani. Haƙoran ne suke cizon burji da tsakuwa da yashi, ratar kuma tana ba laka hanyar fita idan taya ta juya. Zanen yakan gangaro har kafaɗa, kuma gefenta ya fi kauri.

A motar ƙauye, gani ya kori ji. Sauran damina ta wuce ba ta kafe ba sai sau ɗaya. Abin da ban zata ba ma shi ne amfanin kaurin gefen. Duk wanda ya san hanyoyin Mangu da Bokkos da Barkin Ladi ya san ba laka ce kaɗai matsalar ba. Ƙasar Filato dutse ce, kuma idan ruwa ya zaizaye hanya sai ya bar duwatsu masu baki kamar wuƙa a tsaye. Da can, mukan yi asarar taya mai kyawun zane saboda dutse ya yanke ta a gefe, kuma yankan gefe ba ya faci, ko an yi ba abin dogaro ba ne. Da muka sa masu kaurin gefe, wannan asarar ta ragu ƙwarai. A lissafina yanzu, wannan ya fi maganin kafewa daraja, domin damina wata shida ce ko bakwai, dutse kuwa yana nan shekara zagaye.

Sau ɗayan da ta kafe shi ma darasi ne. A fadama ne, inda ƙasa take baƙa mai danƙo. Irin wannan laka tana cike haƙoran A/T kamar yadda ta cike na tayar kwalta, sai dai ta ɗan fi daɗewa kafin ta sallama. Akwai ta uku, mai alamar M/T, wadda aka yi musamman don taɓo, haƙoranta kamar na tarakta, amma ita a kan kwalta azaba ce. Tun daga ranar na daina gaya wa direba cewa tayarsa ba ta kafewa. Abin da nake gaya masa shi ne ya sauka ya taka wurin da ƙafa kafin ya shiga, in ya ga dole sai an bi, ya ɗan rage iska don taya ta baje, sannan ya mayar da iskar kafin ya hau kwalta. Mun sayi ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota saboda wannan kawai.

Motar Abuja ce ta nuna mini ɗaya fuskar. Direbanta mutum ne mai shekaru, ba mai yawan magana ba. Tafiyar farko da ya dawo, ya ce, "Oga, tayar nan tana kuka." Da zarar ya wuce Mararrabar Jama'a ya ɗan taka, sai wani gunji ya tashi daga ƙasa, ya raka shi har Keffi. Na ce ya yi haƙuri zai saba. Ban ɗauki ƙara a matsayin matsala ba, don ba ni nake zama cikinta awa huɗu ko biyar ba. Yanzu na san ƙara tana gajiyar da direba, kuma direban da ya gaji a hanyar Akwanga abin tsoro ne.

Sai maganar mai. Taya mai manyan haƙora ta fi nauyi, haƙoran kuma suna lanƙwasa suna miƙewa a kowane juyi, inji yana biyan kuɗin wannan da fetur. Lokacin da mai yake da araha bambancin yana ɓuya cikin lissafi. Da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, babu abin da ya sake ɓuya. Hanya ɗaya, kaya ɗaya, direba ɗaya, amma kuɗin man da yake karɓa a da ya daina kai shi ya dawo, ko bayan an yi lissafin sabon farashi. Na fara zargin inji, aka duba fulogi, aka canza matatar iska, ba a ga komai ba. Na gode Allah ban kai ga zargin mutumin ba, domin da na ɗauki alhakinsa.

Abin da ya kawo ƙarshen gardama ya faru a Hawan Kibo. Wanda bai taɓa bin hanyar ba, gangare ne mai tsawo da kwanoni, inda ake sauka daga tudun Filato bayan an wuce Riyom, kuma manyan motoci da yawa sun halaka a wurin. Direban motar Abuja yana gangarawa da lodin dankali, ana yayyafi, wata tirela a gabansa ta rage gudu ba zato. Ya taka birki a inda ya saba takawa shekara da shekaru, mota ta ci gaba da tafiya fiye da yadda ƙafarsa ta sani. Allah ya kiyaye, ya tsaya saura ƙiris. Da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya ajiye makulli a kan teburina ya ce, "Oga, ni dai ina da iyali. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta tayar nan ba ta jin birki kamar waccan."

Gaskiya ya faɗa, dalilin kuma a fili yake. Ratar da take taimakon taya a laka ita ce take rage yawan robar da take taɓa kwalta. Haƙori mai tsawo yana ɗan motsi idan an taka birki ko an sha kwana, ba ya tsayawa cak. Da yawa daga cikin tayoyin daji kuma robarsu an yi ta da tauri don kada dutse ya ɓantare ta, roba mai tauri kuwa ba ta manne wa jiƙaƙƙen titi sosai. Yayyafin farko ma ya fi ruwa mai ƙarfi haɗari, saboda yana jiƙa ƙura da baƙin man da motoci suka ɗiga ya mayar da su santsi. Ban ce duk A/T ɗaya suke ba. Akwai masu ƙananan haƙora da tsagu masu yawa, da aka yi don wanda ya fi zama a kwalta, kuma suna matsowa kusa da tayar kwalta a wajen birki. Amma kusa ne kawai, taura biyu ba ta taunuwa. Duk abin da taya ta samu a daji, ta biya wani abu a titi.

A makon da abin ya faru na ɗauko littafin da direbobi suke rubuta tafiye-tafiye, wanda a da sa hannu kawai nake yi a kai ban karanta ba. Na raba shafi gida biyu, kwalta a dama, burji da hanyar gona a hagu, na bi wata shida ina tarawa. Motar ƙauye ta fito kusan rabi da rabi. Motar Abuja kuwa, a cikin kowace tafiya goma da ƙyar ɗaya take barin kwalta, ita ma ɗin mafi yawa da rani ne. Ashe saboda yini ɗaya da wata mota daban ta yi a taɓo, na ɗora wa wannan ƙara da shan mai da doguwar birki na tsawon watanni. Littafin yana kan teburina tun ranar farko, da na buɗe shi kafin na rubuta takarda da ban kai nan ba.

Na koma 'Yan Taya na gaya wa Baba yadda aka yi. Bai ce ai na faɗa maka ba. Ya ce kada mu yar da tayoyin, a ajiye wa motar ƙauye su tunda girmansu ɗaya, a inuwa, nesa da janareto da zafin kwano. Ya fito da masu alamar H/T, waɗanda su ne tayar kwalta ta manyan motoci irin Hilux, zanensu irin na ol-sizin amma an gina su don ɗaukar kaya. Sannan ya ce in matso, ya sa yatsa a gefen taya ya fara karanta mini rubutun da na yi shekaru ina gani ban taɓa tambaya ba.

Ya fara da 265/65 R17. Faɗin taya milimita 265 ne, tsawon gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, rim kuma inci 17. Bayan su akwai 112T. Lamba 112 tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 1,120, harafin T kuma gudun da ba za a wuce ba, kilomita 190 a awa. S 180 ne, H 210. Mai lodin dankali lambar kaya ce ta fi shafarsa, domin buhun da ake cikawa a kasuwar Maikatako ba wasa ba ne, kuma taya ba ta san ciniki ya yi kyau ba. Waɗanda aka fara rubutunsu da LT sun fi ƙarfin jiki, sun fi ɗaukar nauyi, amma suna buƙatar iska mai yawa, mota kuma takan yi tsalle idan ba kaya. Da ya zo kan M+S, ya ce kada ya ruɗe ni, ana buga shi a kusan duka nau'in biyu, yana nufin laka da dusar ƙanƙara, amma ba shaida ba ce cewa taya za ta fita daga fadama.

Inda ya fi daɗewa shi ne lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana ɗaukar taya ta ƙare aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta. Wasu kamfanonin taya suna ba da wa'adin da ya fi haka, Michelin ya ce a riƙa duba ta kowace shekara bayan ta biyar, kada kuma ta wuce goma. Ni na zaɓi bin na hukumar a motocin da suke doguwar tafiya, saboda ranarmu da hanyoyinmu da lodinmu ba irin na waɗanda suka rubuta goma ba ne. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas a 2008, kasuwa ta koma hannun kayan waje, kuma taya tana iya tsufa a jirgi da sito kafin ta zo shago a matsayin sabuwa. Ga kuma na Beljiyam, wato tsofaffin da aka yi amfani da su a waje, waɗanda doka ta hana shigo da su amma suna ko'ina. Baba ya nuna mini wata mai hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki, zanenta cike da tsagu, robarta laushi kamar soso. Tayar hunturun Turai ce, zanenta mai zurfi, kyakkyawa a ido. Ya ce mutane suna rububinta suna cewa ta daji ce, a zafin Lafiya ko Abuja kuwa cinyewa take yi kamar sabulu. Wasu A/T na gaske ma suna ɗauke da wannan hoton, don haka ba hoton kaɗai ake dubawa ba, a karanta sunan tayar gaba ɗaya.

Iska ita ce abin da muka fi sakaci da shi, kuma ita ce ba ta cin ko sisi. Lambar iska da take jikin taya iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce. Wadda ta dace da mota tana kan takardar da aka manna a jikin ƙofar direba. Masu faci da yawa sukan ɗura har sai taya ta yi tauri kamar dutse, don mai mota ya ji daɗi, sai tsakiya ta cinye, birki ya ragu. In iskar ta yi kaɗan ga kaya, gefe ya yi ta lanƙwasa, zafi ya taru, ta fashe. Hanyarmu tana da nata abin lura. Duk ƙarin zafi na digiri biyar zuwa shida yana ƙara wa taya kusan maki ɗaya na PSI a gejin iska. Direba ya gwada iska da asuba cikin sanyin Jos, ya gangara zafin Akwanga, in ya sake gwadawa zai ga ta hau. Wasu sai su sace iskar, su zaci gyara suka yi. Ba a rage wa taya mai zafi iska, don in ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida. Yanzu kowace mota tana da gejinta, ana gwadawa da safe kafin a tayar da inji, har da safaya.

Zurfin zane ma mun daina auna shi da ido. A cikin magudanan akwai 'yan tudu da aka ajiye a milimita 1.6, in zane ya daidaita da su taya ta gama. Amma motar da take bin Hawan Kibo da damina ba na jira ta kai nan, tana kusantar milimita 3 nake cirewa, saboda magudanar da ta yi gajere ba ta iya kwashe ruwan Agusta, sai mota ta hau kan ruwa sitiyari ya zama ba shi da amfani. Muna juya tayoyi gaba da baya duk kilomita dubu takwas zuwa goma, musamman na dajin, waɗanda in an bar su wuri ɗaya haƙoransu suke cinyewa a karkace, kukan ya ninka. Ba ma haɗa iri biyu a mota ɗaya.

Corolla kuwa tana nan da tayarta ta kwalta, daga Terminus zuwa Bukuru zuwa Farin Gada, ba ta taɓa neman wani abu daban ba.

Kwanan baya wani abokina da yake aiki a Abuja ya kira ni. Ya sayi jif, yana son tayoyi masu manyan haƙora irin waɗanda yake gani a Wuse da Maitama, ya ce suna ƙara wa mota kwarjini. Na tambaye shi ina motar take zuwa. Ya ce ofis, makarantar yara, sai gida Bauchi da sallah. Na ce hanyar gidan nasu kwalta ce ko burji. Ya ce kwalta ce har ƙofa, sai dai gonar mahaifinsa da yakan leƙa sau ɗaya ko biyu a shekara. Na ce ya sayi H/T mai sabuwar lamba, ranar zuwa gona kuma ya ajiye jif a gida ya hau babur ɗin ƙaninsa. Ya ce zai yi tunani, na ce kafin ya biya kuɗi ya turo mini hoton lambobi huɗun da suke bayan DOT.